Sakin Layi

Duk inda na ce ni mutumin Gulma ne, sai an yi murmushi kafin a amsa mini. Lokacin da nake makaranta a Birnin Kebbi har na haddace tsokanar: "Ashe a garinku ake dafa ta, mu ɗanɗano kawai ake aiko mana." Na daina jin haushi tuntuni. Garinmu na manoman shinkafa ne da masunta, a ƙasar Argungu, kuma gulmar da ake yi a cikinsa ba ta fi ta sauran garuruwa ba. Sai dai ina jin tsokanar nan ce ta sa na tashi da kasa kunne ga tafiyar zance a majalisa: inda ya taso, inda ya karkace, da inda ya je ya kwana. A kan haka nake so mu yi magana, ƙannena, musamman ku da wani abu ya shiga ranku, tattabara ce ko doki, ƙere-ƙere ko ɗinkin hula, har kuke neman masu irin sha'awarku ku zauna tare.

Muna 'yan shekara goma zuwa sha biyu, da zarar an kwashe amfanin gona kara ya bushe, ba mu da aiki sai ƙera mota. A ɓare bawon karan dawa, a yanka cikinsa mai laushi gunduwa-gunduwa, bawon kuma a tsaga shi siri-siri ya zama ƙusa. Ƙafafu da sakaina ake yi, a yi ta goga ta a dutse har ta zagaye. Wanda ya tsinci tsohon silifa kuwa, ranar shi ne attajirin unguwa. Mun yi tifa, mun yi a-kori-kura. Wata shekara sai wani a cikinmu ya zo da littafin yayansa mai hoton jirgin ƙasa, muka ce shi za mu ƙera. Babu wanda ya taɓa ganin jirgi a cikinmu. Dogo bai taɓa zuwa ƙasar Kabi ba. Wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, kuma nan ne iyakarsa ta ɓangarenmu. Duk da haka muka dage. Gwangwanin madara ya zama kai, gwangwanayen kifi suka zama taragu, muka jera kara biyu a ƙasa muka ce ga layi.

A tsaye jirgin nan ba shi da makusa. Amma da an ja zare, kafin ya ci kamu biyu ya zame ya kife. Muka sake jera karan, muka danne shi da laka, muka sauya ƙafafu, duk a banza. Da dabara ta ƙare sai muka rungumi jirginmu muka nufi wurin kawuna, domin shi ne muka sani ya taɓa hawa na gaske.

Bayan la'asar muka same shi a gindin darbejiya, shi da abokansa uku a kan tabarma. Muka durƙusa muka gaishe su, na ajiye jirgin a gabansa.

"Kawu, me ke hana jirgin gaske zamewa daga kan ƙarfen nan?"

Ya ɗauki kan jirgin ya jujjuya, ya yi dariya har da buga cinya. "Ku zamna in hwaɗa muku. Wanga abu ni na san shi. Gusau munka hau shi, ni da buhun banda biyu."

Muka gyara zama. Ya faro daga motar katakon da ta kai su Sakkwato. Ya kwatanta mana hucin injin, da yadda ake ɗura masa kwal da shebur, kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu. Ya nuna mana daidai wurin da tartsatsi ya shigo ta taga ya huda masa sabuwar riga. Ya ba mu labarin mai dafaffen ƙwai a tashar Funtuwa da ta bi jirgi a guje tana kiran kuɗinta, da dalar gyaɗar da ya gani a Kano har hularsa ta faɗi wajen ɗaga kai. Daga ambaton gyaɗa sai wani abokinsa ya cafe: ai tun da aka bar fam da sule aka koma naira a 1973 kuɗi ya rasa albarka. Na kusa da shi ya ce a'a, ƙarin albashin Udoji ne ya lalata kasuwa. Na ukun ya ce duk aikin 'yan siyasa ne. Nan aka shiga gardamar jam'iyyun NPN da GNPP, murya ta fara tashi, wani ya tuna wa wani abin da ƙanensa ya yi ranar zaɓe. Muna zaune, jirgi na gefen tabarma, har ladan ya kira magariba. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya dube mu ya ce, "To, kun dai ji yadda jirgi yake."

Mun ji kam. Amsar tambayarmu kuwa sai da na yi kusan shekara 20 kafin na same ta.

Na daɗe ina ganin laifin Kawu. Yanzu da na kai shekarunsa na wancan lokacin, na kuma goge tabarmar majalisu iri-iri, na gane abin da ya faru a gindin darbejiyar nan shi ke faruwa duk inda masu sha'awar abu ɗaya suka taru. Cewa "mutanenmu sun cika surutu" ba ta isa bayani ba.

Kawu dai bai san amsar ba. Fasinja ne, bai taɓa leƙa ƙarƙashin tarago ba. Amma ga shi babba a gaban yara da abokai, ga shi an san shi da jirgi, sai "ban sani ba" ta yi masa nauyi a baki. Ya ba mu abin da yake da shi a madadin abin da muka nema. Ku riƙe wannan, domin sakin layi da yawa daga nan yake tsira: an yi tambaya, wanda aka tambaya ba shi da amsa, ba ya kuma son a ga kasawarsa, sai ya ja zancen zuwa gonar da ya iya nomawa. Malamanmu na yawan ba da labarin Imamu Malik, cewa akan taso masa daga ƙasa mai nisa da tambayoyi, ya amsa wasu, sauran ya ce bai sani ba, kuma hakan bai rage shi da komai ba. Muna jin labarin muna gyaɗa kai. Ranar da ƙanenmu ya tambaye mu abin da ya shige mana duhu kuwa, mu ma daga Gusau muke farowa.

Sannan jirgin da muka kai masa daban, wanda ke ransa daban. Mu ƙafa da ƙarfe muke gani. Shi ƙuruciyarsa yake hange, lokacin da yake iya saɓa buhu ya haye tarago ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba. Duk wanda ya daɗe da wani abu haka yake. Tambayi tsohon masunci yadda ake ɗaura homa, ba za ka tashi ba sai ka ji shekarar da ruwa ya ci shinkafa, da giwan ruwan da ya kuɓuce masa a kogin Matan Fada, da abokin sunsa da ya riga mu gidan gaskiya. Irin wannan kewaye-kewayen ban raina shi ba. Mai haƙurin saurare a cikinsa yake tsintar abin da ba a koyarwa kai tsaye, kamar inda tarwaɗa ke laɓewa in ruwa ya ja baya.

Amma babban dalilin, a ganina, a majalisar masu tattabara na fi ganinsa ƙarara. Kwanakin baya ina zaune kusa da wata irinta, mutum goma ne ko fiye, sai ga wani yaro ya zo da ɗan shila a tafin hannu. Ya ce kwana biyu ke nan ba ya karɓar abinci daga iyayensa, sai ramewa yake. Wani mai shiru-shiru a gefe ya ce, "Buɗe bakinsa mu gani, ko akwai abu rawaya-rawaya a maƙogwaro." Kafin yaron ya ɓamɓare bakin, wani ya ce ai duk matsalar abinci ce, tattabara ba ta samun tsabar kirki yanzu. Wani ya ce ina za ta samu, ka san nawa tiyar dawa a kasuwa? Na gaba ya ce tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai komai ya tashi. Shi ke nan. Majalisa ta ɗauki zafi, kowa na da ta cewa, har wanda tun ɗazu yake gyangyaɗi ya farka. Yaron na tsaye da tsuntsu a hannu. Mai shiru-shirun ya sake buɗe baki sau ɗaya, bai samu wurin saka magana ba, ya koma ya jingina.

Ku ƙirga da ni. A cikin mutum goman nan, masu sanin ciwon tattabara ba su wuce biyu ba. Masu sanin tsadar mai kuwa goma ne cif. Zance kamar ruwan Rima yake da damina, ba ya tsayawa a tudu, gangare yake nema inda zai baje. Tambayar da ke bukatar sani tudu ce, mutum ɗaya ko biyu ke iya hawa, sauran dole su yi shiru, kuma mutum bai baro gidansa don ya zo ya yi shiru ba. Siyasa da tsadar rayuwa da ƙwallo fadama ce, kowa na da gona a ciki. Shi ya sa ko da me aka fara, can ake gangarawa, zancen gizo ba ya wuce ƙoƙi. Kuma babu mai mugun nufi a cikinsu. Kowane mataki in ka dube shi shi kaɗai yana da alaƙa da na bayansa: ciwo da abinci, abinci da farashi, farashi da mai. Sai ka waiwaya ne za ka ga nisan da aka yi.

Akwai kuma abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri. Tsofaffin hannu sun gama da tambayoyin farko tun da daɗewa. Cewa tattabara ƙwai biyu take yi, tana kwanci kwana 17 zuwa 18, uwa da uba suna karɓa-karɓa, sun faɗa sau ɗari. Abin da ke fito da su kullum bayan la'asar shi ne junansu. Tattabara ita ce dalilin da ya halatta zaman. Ku dubi bikin kamun kifin Argungu ma. Asalinsa ziyara ce: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa su na ban girma, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Yau gasar kanta, daga faɗawar masunta Matan Fada da homa da gora zuwa fitowarsu, awa guda ce ko kusan haka, bikin kuwa kwanaki ake yi. Sauran lokacin na kokawa ne da dambe, da wasannin Kabanci a ruwa, da nunin amfanin gona, da gaishe-gaishe. Da UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, da duk wannan ta sa shi. Wanda ya je don kifi kaɗai zai ce an ɓata masa kwanaki.

Kada ku ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Abin da muka yi da kara da gwangwani, a Turai da Amurka manya masu furfura ke yin sa da kuɗi masu yawa. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1891 ya fito da jirgin wasa mai layin da ake harhaɗawa. A birnin Hambag akwai wani gida da aka buɗe a 2001, Miniatur Wunderland, inda ƙananan jirage ke yawo a kan layin da tsawonsa ya haura kilomita 15, da garuruwa da duwatsu da tashoshi duk na ƙira. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne a rage jirgin gaske sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Mutanen Ingila kuwa sau 76 suke ragewa, domin jiragensu na gaske ƙanana ne, injin lantarkin wancan zamanin ya ƙi shiga cikin ɗan ƙaramin jikin, sai suka ƙara girman jikin suka bar layin yadda yake. Wato layinsu ya matse da milimita biyu da ɗoriya, kuma shekaru da dama ke nan suna gardama a kan milimita biyun nan, har wasu suka ware suna ƙera nasu layin da hannu. Masu tsananin bin diddigi a cikinsu har laƙabi gare su, wai masu ƙirga ƙusa. To mutumin da ya zauna yana ƙera tashar ƙauyensu da aka rufe bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000, ba zai daɗe yana zancen fenti ba kafin ya faɗa zancen gwamnatin da ta rufe ta. Mu ma gwada ka ce a Birnin Kebbi layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon na Turawa kuma 1,067, don haka jirgin wannan ba ya hawa wancan. Ba za ka rufe baki ba wani zai ce, "To mu me muka yi aka tsallake mu?" Daga nan kuma kun san sauran.

Wani sakin layin ma alheri ya haifa. A jami'ar MIT ta Amurka ɗalibai sun kafa ƙungiyar masu ƙananan jirage a 1946. Wasunsu na sama suna fenti da gina tsaunuka, wasu na ƙarƙashin tebur suna fama da wayoyi da kayan haɗa layin tarho, don su sa jirage su riƙa kauce wa juna da kansu. Na ƙarƙashin teburin nan, da suka samu shiga ɗakin kwamfutar jami'ar a ƙarshen shekarun 1950, sai jirgi ya koma gefe. Da hannun wasunsu aka haɗa Spacewar a 1962, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko a duniya. Sun bar jirgi, amma ku lura, tambayar da suka shiga ƙarƙashin tebur da ita ba su bar ta ba: yaya za a sa na'ura ta bi umarni? Hannunsu bai daina aiki ba.

A nan nake raba sakin layi gida biyu, kuma hannu nake dubawa. Ku je ku tsaya kusa da 'yan mata masu ɗinkin hula, ko masunta masu gyaran taru da hantsi. Babu inda zancensu ba ya zuwa, daga biki zuwa fim zuwa aljannun ruwa. Amma allura na tafiya, kuma da wata ta ɓata zare sai a katse labari, "Ke, ba haka ba, kawo ki gani," a gyara, a koma. Aikin da ke tsakiya shi ke jawo zancen ya dawo. Majalisar da aka bar tattabaru a gida aka zo da baki kawai, ita ce ba ta da abin jawowa.

Irin wannan majalisar kuma in ta gaji da siyasa, wuri ɗaya ya rage mata, wato sunan garinmu. Taku uku ne kacal. A fara da tattabarar wane mai tsada, a koma ina wane ya samu kuɗin sayenta, a dire a cikin gidansa. Masu sha'awar abu ɗaya sun fi kowa sauƙin faɗawa wannan ramin, domin duk sun san juna kuma akwai 'yar gasa a ƙasa-ƙasa; wanda dokinsa ya fi naka kyau, jin aibinsa na da ɗan zaƙi. Hukuncin abin ba sai na gaya muku ba, aya ta 12 a Suratul Hujurati kun haddace ta tun kuna allo, kuma ba banza Bahaushe ke ce wa abin cin nama ba. Abin da nake so ku gani shi ne ɓarnar da yake yi wa sha'awar kanta. Wanda ke fara ɗauke ƙafa shi ne mai shiru-shirun nan da ya san ciwon maƙogwaro, domin ba abin da ya kawo shi ke nan ba, kuma ya san ranar da bai zo ba shi ne a faranti. Bayansa sai yara masu tambaya. A ƙarshe a bar masu baki, suna nan da sunan majalisar masu tattabara, amma in tsuntsunka ya kwanta babu wanda za ka nufa a cikinsu.

To in kai ne mai tambaya, je da abin a hannunka, kuma ka zaɓi lokaci. Masunci da hantsi yana gyaran taru ya fi masunci bayan isha'i amsa tambaya. Ka matse tambayar ta zama ƙarama. Da mun ce wa Kawu, "Ƙafar jirgin da ka gani, shafaffiya ce ko tana da baki?" da wataƙila ya rufe ido ya tuno, ko ya ce bai duba ba. Mu kuwa muka buɗe masa ƙofar zaure gaba ɗaya. In majalisa ta yi yawa, lura da wanda ya fara ba ka amsa ta gaskiya kafin a danne shi, ka bi shi bayan an watse. Yaron nan mai ɗan shila haka na ga ya yi, ban san wa ya koya masa ba. Da aka tashi sallah ya bi mai shiru-shirun har bakin masallaci.

In babba ne ya ɗauke ka ya yi daji da kai, ba a ce masa ya saki layi, wannan rashin kunya ne kuma ba zai sa ka samu amsa ba. Bari ya numfasa, ka kamo wani zare daga cikin labarinsa ka ɗaura a tambayarka: "Baba, da kuka tsaya a Funtuwan nan, kun ga ƙafafun da kyau?" Ka girmama labarinsa, ka kuma dawo da shi tasha. Sau da yawa ma daɗi yake ji, domin ya ga ana saurarensa.

Ranar da kuma kai ne aka tambaya, domin ranar na zuwa da wuri fiye da yadda kuke zato, sallami mai tambaya tukuna. Labarinka ba zai gudu ba. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka nuna masa wanda ya sani. Ka fi wanda ya cika shi da zance ya tafi hannu rabbana. In kuma ka ji an fara gangarawa gidan wani, ba sai ka hau mumbari ba. Miƙa hannu ka ɗauki tsuntsun, ko hular, ko gwangwanin, ka ce, "Wai ku duba mini nan." Za ka yi mamakin yadda idanu ke bin hannu.

Na san wani a cikinku na cewa, ga mai wa'azin sakin layi har yanzu bai faɗi abin da ke riƙe jirgi ba. Gaskiyarka.

A Zariya na samu amsar, a teburin mai shayi kusa da tashar jirgi. Wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gyaran taragu, ana ta gardamar ƙwallo a kansa yana kurɓar shayinsa. Da na ji aikin da ya yi sai na matsa na yi masa tambayar nan tawa ta gindin darbejiya. Bai ce komai ba. Ya ari kofin roba biyu a wurin mai shayi, irin masu faɗin baki da tsukakken gindi, ya haɗa su baki da baki, ya naɗe da salatif. Ya sa aka miƙo masa sanduna biyu, ya jingina su a benci suka yi gangare, ya ɗora kofunan ya saki. Suka gangaro suna ɗan rangaji hagu da dama, amma har ƙasa ba su faɗi ba. Ya warware, ya haɗa su gindi da gindi, ya sake saki. Ko rabi ba su kai ba suka baude suka faɗo. Masu gardamar ƙwallo duk sun yi tsit, sun zagaye mu.

Sannan ya yi bayani. Ƙafafun jirgi biyu, ta hagu da ta dama, a manne suke da sandan ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa. Kuma ba shafaffu ba ne kamar sakainarmu. Kowace ta fi kauri ta ciki, ta ɗan tsuke ta waje, kamar kofunan nan na farko. In jirgi ya ɗan gusa dama, ƙafar dama sai ta hau wurin da ya fi kauri, ta hagu ta koma wurin da ya fi tsukewa. Juyi ɗaya, amma ta dama ta fi cin ƙasa, sai ta karkato da shi ya dawo tsakiya da kansa. Haka ma yake shan kwana ba tare da sitiyari ba. Na ce, to leɓen nan da ke cikin ƙafar fa, ba shi ke riƙewa ba? Ya ce leɓe na ranar wuya ne, sai a kwana mai tsanani yake taɓa ƙarfe, kuma ƙarar nan mai tsinka kunne da ake ji a kwana, shi ne ke gugar layi; in da shi kaɗai aka dogara, da tuni ya cinye. Na tuna da masu daka tsawa a majalisa, "Jama'a a dawo kan magana!", da yadda muryarsu ke dushewa kafin a yi nisa.

Da na je gida hutun babbar sallah, na sayi kofi biyu na nufi gindin darbejiya. Kawu ya tsufa, abokan tabarmar saura ɗaya. Na jera kara biyu, na gangara kofunan, na juya su na sake gangarawa, na yi masa bayani tiryan-tiryan yadda aka yi mini. Ya kalla da kyau, ya sa na maimaita har sau uku. Ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, haka yake. Ni ma kamar na ga hakan a Gusau."

Ya ɗauki kofi ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce, ya juya gindinsa yana dubawa.

"Wai nawa suka sayar maka da wanga? Ka san da sule guda..."